Mai Riƙe da Tayoyin Baya

Ranar Laraba ce, damina ta kai tsakiya a Magaria. An daɗe da yin la'asar, inuwar katanga ta cinye tsakar gidan Mushe Harouna, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, daraktan lakwal, wato makarantar unguwar. Matarsa Ɗela tana zaune a tabarma, ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura. 'Yarsu Rahma, mai shekara goma sha shida, tana tsinkar yakuwa a bakin murhu. A ƙarƙashin rumfa farar motar gidan take, ba a taɓa ta ba tun Litinin.

Sai dutse ya faɗo a kan kwano. Suka ɗaga kai, ba kowa. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro ya tsaya kusa da tukunya. Rahma ta ɗauka, ta yar da shi da sauri tana yarfe hannu.

"Inna, da zafi."

Kafin Ɗela ta yi magana, suka ji motar tana ƙas, ƙas, ƙas daga wajen tayoyin baya, irin kukan ƙarfen da ya sha tafiya yana hucewa.

Motar nan ba don ado Harouna ya saye ta ba. Ƙodar Ɗela ce ta gaza, lokotoro, wato likita, ya ce sai an riƙa kai ta Damagaram wankin jini Litinin da Alhamis. Motar haya ta kusa kashe ta da jijjiga da jira a tasha, shi ya sa Harouna ya sayar da gonar gado da shanunsa, ƙanensa Mahdi da ke Kano ya nemo masa mota wadda ba ta shekara biyu da fitowa ba. Wata huɗu tana tafiya kamar ruwa. Daga baya, da ya taka birki sai bayan motar ya kama rawa, feda tana bugun tafin ƙafarsa.

Sau biyu Kyari makanike yana sauya faifan birkin baya, wanda su suke kira diski. Washegarin jifan, bayan sun dawo daga Damagaram, Harouna ya kai masa ita karo na uku. Kyari ya kwance taya, ya juya faifan a hankali. Ƙarfen ya yi shuɗi, ya karkace kamar murfin tukunya.

"Mushe, abin da ke lanƙwasa diski ba shi da yawa," in ji Kyari. "Ko a ɗaure taya wani gefe ya fi wani tsauri, ko birki ya maƙale yana gogar sa, ko a yi tafiya da birkin hannu a ɗage, ko ƙarfe ya yi zafi a tsoma shi cikin ruwa. Na farkon nan, na yarda, zafi da ruwa ne. Amma waɗannan biyun ni na ɗaura da hannuna. Birki bai maƙale ba, na duba. Kuma birkin gaba ne ke shan wahala a mota, ga naka nan sabo fil." Ya goge hannu da tsumma, bai dubi Harouna ba. "Kamar wani ne yake riƙe da ita ta baya kana ja."

Jifan bai fasa ba. Kullum rana ta yi ja sai ya fara, ana kiran magariba ya tsaya. Maƙwabta suka hau katanga suka duba, ba su ga hannun kowa ba. A rana ta biyar aka ƙara jin wata murya a ƙarƙashin motar, siririya, kamar mace tana rarrashin jinjiri. Kaji suka daina shiga rumfar. Ɗela ta daina cin ɗan abincin da take ci.

A rana ta tara, Harouna ya dawo daga masallaci ya tarar da Rahma durƙushe a bayan motar, hannuwanta biyu sun riƙe tayar hagu. Ya kira ta ba ta waiwayo ba. Sai da maza uku suka taru kafin aka ɓamɓare ta, tafukanta sun yi bororo kamar ta dafa garwashi. Ta dubi ubanta da idon da bai sani ba, ta ce da wata murya ta tsohuwa:

"Tsaya. Na ce ka tsaya."

Tun daga nan ba ta ƙara cewa komai ba sai wannan. Ba ta koma kolej ba. Aka kai ta asibiti aka ɗaure hannuwan, suka ce ban da ƙunar ba su ga ciwo ba. Wata gwaggon Ɗela ce ta ce a ɗauko Malam Maharazu daga Yekuwa.

Ya iso ranar Asabar a bayan babur, ɗan tsoho ne siriri mai ƙaramar murya. Bai nemi turare ko dabba ba. Ya yi alwala, ya sa aka shimfiɗa tabarma tsakanin motar da yarinyar, ya jira har rana ta yi ja, sannan ya fara karatu. Dutse ɗaya ya faɗo, bai ɗaga kai ba. Ya daɗe yana yi. Can Rahma ta miƙe zaune, ta harɗe ƙafa kamar dattijuwa.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni, ni kuwa na ƙonu tun tuni."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba zai amfane ka ba. Gidana tafkin da ke ƙasan gawo, tsakanin Dogo-Dogo da Dungass. Tambayi wancan ko ya san wurin."

Harouna ya san wurin. A farkon damina Ɗela ta je gaida danginta a Dogo-Dogo, ciwo ya kayar da ita a can. Ya je ya ɗauko ta a rikice, ya tuƙo cikin yashi ba tare da ya lura bai sauke birkin hannu duka ba, har ƙauri ya cika motar. Da ya iso tafkin dab da magariba bai rage gudu ba. Ya tuna yadda ruwan ya yi cuu, tururi ya tashi a bayansa.

"Ɗana yana wanka," in ji muryar. "Bai iya tafiya ba tukuna. Ka shigo da jan ƙarfe, ba sallama, ba bisimilla. Na kama tayarka ina cewa ka tsaya, ka ja ni har garin nan. Kwana uku ya yi yana kuka."

"Matata ce take mutuwa a kujerar baya," Harouna ya ce. "Wallahi ban gan ku ba."

"Na sani. Da ka gan mu, da ba hannun 'yarka na kama ba."

Malam Maharazu ya ce, "Kuskure ne, ba ganganci ba. Yarinyar nan ba ta yi miki komai ba, kuma ke ma za ki tsaya gaban Wanda za mu tsaya. Ki ji tsoronSa ki fita."

"Ɗa a bakin ɗa."

"Ba ki da wannan. In kin ƙi, zan ci gaba da karatu har ɗayanmu ya gaji."

Hawaye suka gangaro a fuskar Rahma, amma fuskar ba ta motsa ba.

"To a ba ni ƙarfen. A jikinsa ɗana ya mutu, ban iya barin wurin ba. A mai da motar tafkin, a bar ta inda ta shiga. Kada a sayar, kada a cire ko ƙusa. In an yi haka na saki yarinya, ba zan dawo ba."

Malamin ya roƙe ta ta karɓi faifan kaɗai, ko tayoyin biyu. Ta ƙi. Ya koma karatu har gumi ya jiƙa rigarsa, jikin Rahma ya kama karkarwa, jini ya ɓullo ta ɗaurin hannuwanta. Sai ya tsaya, ya juyo ga Harouna.

"Zan iya fitar da ita da ƙarfi," ya ce a hankali. "Amma ban ce jikin yarinyar zai ɗauka ba."

Daga bakin ƙofar ɗaki, inda take jingine, Ɗela ta ce:

"Baban Rahma, ka kai mata motar."

"Ɗela, jibi Litinin."

"Na san ranar. Ka kai mata."

Malam Maharazu ya sa aljanar ta rantse, ta rantse. Rahma ta yi atishawa sau uku ta sulale a tabarma. Da ta buɗe ido, ruwa ta fara nema, da muryarta.

Da safe Harouna ya tuƙa motar zuwa tafkin, Kyari na biye da shi a babur. Ko sau ɗaya birkin bai yi rawa ba. Ya yi sallama, ya shigar da ita ruwan har rabin taya, ya kashe, ya bar makullin a jiki.

Suka koma motar haya. Wata rana a samu wuri, wata rana mota ta lalace a Bande su yini a bakin godoro, wato kwalta, su isa an ba wani gadon. Ɗela ta rasa wanki ɗaya, ta rasa biyu a jere. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, sai dai ta roƙi kowa kada a gaya wa Rahma abin da aka yi ciniki a kansa. Ranar da aka fara yankan gero Ɗela ta cika, a kan cinyar 'yarta.

Bayan sadakar arba'in Mahdi ya zo daga Kano. Ya ce ruwan tafkin ya janye, motar tana nan a tsaye cikin busasshen taɓo, ba wanda ya taɓa ko madubinta, har makiyaya kewaye ta suke yi da dabbobinsu. Ya ce zai nemo babbar mota a jawo ta, ko ba komai a rage asara.

Harouna ya girgiza kai.

"A bar ta," ya ce. "Da mai ita."