Oba-obar da Ke Tsallake Tasha

Da hantsi aka bugo wa Insfekta Bakari waya a caji ofis na Hadejia. Ƙaramin jirgin da ke feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin shinkafa ya kife a fadamar Auyo. Shanu sun shigo filin saukarsa, matuƙin ya kauce musu, ya daki bishiya. Sunan matuƙin Rilwanu, kuma ko shurawa bai yi ba.

Kafin Insfekta ya iso, manoma sun yi wa Yunusa jina-jina. Shi ne mai tsayawa a ƙasa da oba-oba yana faɗa wa matuƙi ko fili lafiya.

"Barci ya yi, Yallaɓai!" in ji Abdulganiyyu, manajan kamfanin feshin. "A kulle shi!"

"Wallahi ihu nake yi, Yallaɓai," in ji Yunusa, bakinsa na jini. "Ina cewa kar ya sauka, bai amsa ba. Tashar da ya ce mu koma ma ta ƙi kamuwa."

Ran Insfekta ya ɓaci. Ya tsani hukuncin taron jama'a, ya kuma fi tsanar mai gaggawar nuna ɗan yatsa. In aka bar maganar haka, Yunusa gidan yari zai ƙare.

A cikin tarkacen jirgin ya tsinci oba-obar Rilwanu, tana kunne a kan 122.815. Ya karɓi ta Yunusa ya murɗa. Daga 122.800 sai ta dira 122.825. Ya sake, haka ta yi. Ta mamacin kuwa tana bin tashoshin daki-daki, har da ƙananan da ke tsakani. Ashe ta Yunusa tsohon yayi ce mai faɗin taku, ko za a kwana ana murɗawa ba za ta tsaya a tashar ba.

Ya juya bayanta. Tambarin kamfanin a karkace yake, ya sa farce sai ga shi ya ɓare, gam ɗin ko bushewar kirki bai yi ba.

"Malam Abdulganiyyu, wa ke ajiye kayan aiki?"

"Ni ne. Sababbi biyu muka saya, iri ɗaya. Da asuba ma da wannan na yi magana da marigayi, a sabuwar tashar."

"Madalla." Insfekta ya miƙa masa. "Kamo min ita."

Abdulganiyyu ya murɗa, ta tsallake. Ya dawo baya, ta tsallake. Gumi ya jiƙa masa hula, manoma suna kallon yatsunsa.

"Kamo mana!" Insfekta ya daka masa tsawa. "Ba da ita ka yi magana ba?"

Sai Abdulganiyyu ya durƙusa.

"Na sayar da sabuwar a Kano, na sayo wannan a 'yan gwanjo. Na kunna, na ji tana shuu. Na ɗauka rediyo rediyo ce, Yallaɓai."

"Ka ɗauka! Sannan ka tsaya kana kallo ana dukan wannan bawan Allah!"

Aka ɗaura masa ankwa, aka tura shi mota. Yunusa bai ko dube shi ba. Yana durƙushe gaban gawar da aka lulluɓe, yana ta maimaita abin da ya faɗa tun safe: "Kar ka sauka, Rilwanu. Akwai shanu."