Mota Biyu a Garaji Ɗaya

Sufeto Zailani bai kai ga rabin shayinsa ba aka ce masa an tsinci gawa a wani garaji a unguwar Mount Hope, kuma masu gawar Hausawa ne. Wannan ƙarin bayanin shi ke jawo masa aiki kullum. A ofis ɗan sandan bincike ne kawai, amma 'yan uwa na yankin Bronx, nan Amurka, sun naɗa masa Sufeto tun shekarar da ya sa kaki, shi kuwa bai ga dalilin mayar da kyauta ba.

Ranar sanyin Janairu ya amsa sunansa, har kunne yake cizo. Garajin ɗan ƙarami ne na haya, mai ƙofar ƙarfe. Motoci biyu ne a ciki, duka a-kori-kura: tsohuwa mai shan fetur, da sabuwa fil mai batir, igiyar cajinta na jone da bango. 'Yan kwana-kwana sun buɗe ko'ina, amma warin hayaƙi bai gama fita ba.

Mamacin sunansa Boubacar, ɗan Maraɗi, sana'arsa dakon kaya. Yana zaune bayan sitiyarin mai fetur ɗin, kansa a jingine. Likita ya ce hayaƙin inji ne ya kashe shi. Zailani ya leƙa ƙasan kujera, ya ga safa ce kawai a ƙafar mamacin. Ya duba cikin motar, babu takalmi.

Ƙanen mamacin, Ismaël, shi ya kira 'yan sanda. Yana tsugune a bakin titi. Ya ce da la'asar ya zo, ya ɗaga ƙofa ya tarar inji na aiki, wansa na ciki ba rai. Ya ce yau bai yi aiki ba, ya bar tasa motar tana caji ya shiga gari.

"Ta lantarkin taka ce?"

"Tawa ce, yallaɓai."

"Ka taɓa tuƙa motar wan naka?"

"Ni? Mi zan yi da ita? Tambayi kowa, ko sitiyarinta ban taɓa riƙewa ba."

"Marigayin yana da wata damuwa?"

Ismaël ya ce, "Allah kaɗai ya san cikin bawa."

Wannan magana ta riga Zailani isa unguwar Concourse Village. Kafin ya hau benen da iyalin mamacin suke, zance ya gama gari cewa Boubacar ya rufe kansa a garaji ya sha hayaƙi. Mazan da suka zo gaisuwa suna zaune a falo suna jan carbi, kowa na gudun idon ɗan uwansa. Zailani ya tsani irin wannan shirun. Gara a fito a yi gulma a fili.

Matar mamacin, Hidaya, tana uwar ɗaki. Ba ta kuka, idanunta sun riga sun bushe.

"Sufeto," ta ce, "na yarda da ƙaddara. Abu ɗaya nika so ka hwaɗa mini. Mutumen da bai taɓa barin sallar asuba ta wuce shi ba, shi ne za a ce ya kashe kanshi? Da wane baki zan yi mishi addu'a? Mi zan ce ma ɗiyarshi in ta girma?"

Zailani ya ji abin har cikin ransa. Ya ce ba zai yi mata alkawarin amsa mai daɗi ba, amma zai kawo mata ta gaskiya.

Ta ba shi labarin wa da ƙanen. Ciki ɗaya suka fito, tare suka zo Amurka, tare suke biyan hayar garaji, ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu sai mota. Tun bara da Ismaël ya sayo ta lantarki musu ya buɗe. Boubacar ya ce an sayar wa yaro wayar salula mai ƙafa huɗu, da kuɗin da zai sayi irin tasa biyu. Ismaël ya ce ita tasa ba ta shan mai, ba ta neman juye, kuma in fitilar kan titi ta ba da hannu sai dai tsohuwar ta hango ƙeyarta. A masallaci musu, a kan tuwo musu, har majalisa ta rabu biyu. Dukansu sun rantse a gaban jama'a ba za su taɓa shiga motar juna ba.

"Da rana fa? Ina mijinki yake zuwa?"

Ta ce aikinsa na sammako ne, don haka in ya yi azahar dole ya ɗan kwanta. Da gida yake dawowa. Amma tun shigowar sanyin bana ya daina, ya ce mata ya samu wani wuri mai ɗumi kusa da aiki. Ta so ta ƙara wani abu, ta haɗiye.

Washegari da hantsi Zailani ya koma Mount Hope. Jikin garajin akwai shagon wani bakanike ɗan Kumasi, Kwasi, wanda ya tashi a zangon Hausawa. Da farko Kwasi ya ce bai ga komai ba, bai ji komai ba, kansa na ƙarƙashin mota yini guda. Zailani ya nuna masa kyamarar da ke saman shagonsa, ya tambaye shi ko ita ma kanta na ƙarƙashin mota. Kwasi ya goge hannu a tsumma ya yi ajiyar zuciya.

"Ofisa, yaron ne ya roƙe ni in rufa masa asiri. Moto na lantarki yana da ƙarfi, ban ƙi ba. Amma sanyi yana cinye batir. Ka ɗaura masa tirela kuma, tafiyar da zai yi ya ragu rabi. Ka tsaya caji, kwastoma yana jiranka."

"Sai ya yi yaya?"

"Ranar da sanyi ya yi yawa, sai ya jira wansa ya ajiye moto, ya zo ya ɗauka a ɓoye. Jiya ma ya ja kaya ya kai wajen filin jirgi na JFK."

"Ka ga dawowarsa?"

Kwasi ya ce ya gani. Yaron ya shigo a gaggauce, abin sauraro a kunnuwansa, yana waya yana dariya. Ya sauke ƙofa ya wuce. Shi kuma Kwasi injin yankan ƙarfe yake ta fama da shi, bai ji komai ba, wannan kam gaskiya ce.

Zailani ya karɓi makullan motocin daga hannun ɗan sandan da ke gadi. Ya buɗe ƙofar baya ta mai batir ɗin, wadda gilasanta baƙaƙe ne wuluk. Ga bargo a kan kujera. Ga takalman Boubacar an jera su a ƙasa, kamar yadda mutum ke jerawa in zai kwanta. Allon motar ya nuna an kunna hita bayan azahar.

Wato wurin mai ɗumin ke nan. Mutumin da ya cika Bronx da zagin motar ƙanensa, a cikinta yake barcin rana, don tana ɗumama shi ba ƙara ba hayaƙi, ko da ƙofa a rufe.

Saura gwaji ɗaya. Ya tayar da mai batir, ya fita da makulli ya yi nisa, ta kashe kanta. Ya danna maɓallin mai fetur, ya fita da makulli har bakin titi. Tana nan tana ta aiki abinta. Ya tsaya a cikin sanyin nan ya daɗe, yana jin da ma bai gane ba.

Ya sami Ismaël a gidan makoki yana raba wa baƙi ruwa. Ya kira shi uwar ɗaki, gaban Hidaya, ya turo ƙofa. Ya ajiye takalman a tsakiyar ɗaki.

"A motarka na same su. Wa ya ɗauke shi daga can ya kai shi bayan sitiyari?"

Ismaël ya fara cewa bai sani ba. Zailani ya ambaci tirela, ya ambaci JFK, ya ambaci kyamara. Yaron ya zauna a ƙasa.

Ya faɗi komai. Sauri yake ya mayar da motar kafin wansa ya gane. Inna ce ta kira daga Maraɗi, yana ta hira da ita. Hannunsa ya saba da motar da ba a kashewa, ya fito kawai ya sauke ƙofa. Bai san akwai mutum a bayan tasa motar ba. Da ya dawo da la'asar ya gani, ya jijjiga shi, ya yi ta kiran sunansa. Daga nan tsoro ya shige shi, ya ciccibe shi ya kai shi ɗaya motar.

"Na kasa tunanin yadda zan ce ma Inna ni na kashe mata ɗa," ya ce. "Kuma a kan mi? A kan kada a yi mini dariya a majalisa."

Hidaya ta dube shi. Muryarta ba ta tashi ba.

"Ya sani, Isma'ila. Tun ranar farko ya san kana ɗaukar motar. Shi ke cika maka tanki. Ya ce kada in hwaɗa maka, yaro ne, kada shi ji kunya."

Ismaël ya kifa fuskarsa a ƙasa. Irin kukan da ya yi, Zailani da ya shekara ashirin yana jin kukan mutane sai da ya juya ya fuskanci bango.

"Mantuwa ta Allah ce, na yahe maka ita," ta ce. "Amma ka zauna cikin gidan ga kana ba mutane ruwa, kana kallona ina tunanin mijina ya mutu yana saɓon Ubangijinshi. Wannan ban san ranar da zan iya yahewa ba."

Zailani ya gaya wa Ismaël cewa an kama shi, bisa sakacin da ya ci rai, da taɓa gawa, da yi wa hukuma ƙarya. Ya karanta masa haƙƙoƙinsa da Turanci, ya maimaita da Hausa. Ankwar ya bar ta a aljihu har sai sun sauka ƙasa.

Hanyar fita ta falo take. Mazan suka ɗago kai, carbi ya tsaya a hannuwa. Ba aikin ɗan sanda ba ne ya yi wa jama'a bayani, Zailani ya san haka sarai. Duk da haka ya tsaya a tsakiyarsu, hannunsa a kafaɗar Ismaël.

"Jama'a, ku ji daga bakina, ku kai inda kuka kai wancan zancen. Boubacar bai kashe kansa ba. Ya yi sallar azahar, ya cire takalmi, ya kwanta barci."

Wani dattijo ya ɗaga hannu ya ja Fatiha, sauran suka bi. Daga uwar ɗaki sai aka ji Hidaya ta fashe da kukan da ta riƙe tun jiya. Zailani ya buɗe ƙofa, ya sa Ismaël a gaba, suka sauka.