Mesa a Gindin Danga

A can wani zamani, a wani ƙauye na bakin fadama, an yi wata mai saƙar faifai da ta shekara tana gaba da maƙwabciyarta Tasalla.

Ran nan da rana tsaka, kaji suka yi tsit, tsuntsaye suka yi tsit. Matar ta ɗaga kai, sai ga mesa mai kaurin cinyar ƙato tana sulalawa ta gindin danga zuwa gidan Tasalla, a hankali, a hankali. Kai ya shige, wutsiya tana cikin ciyawa tukuna.

Ta ce a ranta, "Ai ba gidana ta nufa ba." Ta ci gaba da saƙa.

Sai ta jiyo dariyar jariri a bayan danga, irin ta wanda ya ga abin wasa.

Ta yar da faifan, ta ƙwala ihu, "Tasalla! Mesa! Ɗauke yaron!"

Maƙwabta suka fito da sanduna, suka kora mesar fadama. Da aka duba, sawunta ya zagaye tabarmar jaririn.

Tasalla ta zo ƙofar matar, rungume da ɗanta, ta daɗe tsaye, sannan ta ce, "Yaya, ina wuni?"