Jan Tabo a Goshin Wattlebird

Ranar Litinin, da misalin ƙarfe takwas da kwata na safe, Desley Pardoe ta hau jirgin ruwan da ta saya a kwatar Port Kellet. Da ta taka gindin jigon da ke riƙe da filafili, sai doron jirgin ya lotsa ƙarƙashin ƙafarta kamar burodi. Ta sake takawa, ya sake lotsawa. Ta sauka, ta bar jakar cefanenta a kan gadar katako, ta nufi ofishin 'yan sanda da ƙafa.

Saje Rhonda Pybus ce ke bakin aiki. Ta san Desley, kamar yadda duk garin ya san ta, domin ta yi shekara ashirin da shida tana tuƙa motar 'yan makaranta. Yanzu tana da shekara sittin da ɗaya, ta sayar da ɗan gidanta ta sayi jirgin, da niyyar ta zauna a cikinsa tana bin gaɓar tsibirin Tasmania gari-gari. Bayan ƙarshen watan ba ta da wani makwanci sai shi.

"Rhonda, an sace mini jirgi."

"Yaushe kika gan shi na ƙarshe?"

"Yanzun nan. Yana can ɗaure a kwata."

Saje ta ajiye biro. "Des, zauna tukuna."

"Ba zan zauna ba. Sunan nawa ne, fentin nawa ne, lambar ma tawa ce. Amma jirgin ba nawa ba ne."

Ta ciro ɗan littafinta ta nuna. Jirage goma sha ɗaya ta duba kafin ta tsaya a kan Wattlebird, kuma kowanne ta rubuta aibinsa: wannan injinsa na hayaƙi, wancan filafilansa sun mutu, wani kuma ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Wattlebird mita takwas da rabi ne, ya yi shekara arba'in, irin ƙirar da aka yi ɗaruruwa a zamaninsa. Ta sa an ɗaga shi daga ruwa, mai duba lafiyar jirage ta bi jikinsa da guduma taƙi-taƙi, ta rubuta cewa doronsa garau yake. Daga nan Desley ta tafi Launceston mako biyu wajen 'yarta, ta bar jirgin a wurin gyara don a yi wa cikinsa fenti. Ranar Alhamis aka mayar da shi ruwa. Mutum uku ne suka riƙe makullinsa a tsakani: dillalin da ya sayar, matar da ta duba, da mai wurin gyaran.

Saje ta shafe awa guda a kan jirgin. Ta rubuta abu huɗu. Kusoshin da ke riƙe da farantin lamba suna da sabon karce. A daidai inda ruwa ke tsayawa, ƙarƙashin fenti shafi ɗaya, akwai wani layi mai launin shayi, irin wanda ruwan kogin Kellet ke bar wa duk abin da ya daɗe a cikinsa, alhali Wattlebird a ruwan gishiri ya yi rayuwarsa. A jikin bokiti, da zoben ceto, da bayan aljihun teburi, an kankare wani rubutu har roba ta yi fari. Na huɗu shi ne wani jan tabo a goshin jirgin, a kan sabon fentin, ya gangara ta gefe biyu, kuma sama da shi an ɗaure ɗan reshen itacen turare da zaren kamun kifi.

Ta fara da dillali, Darcy Fenech, wanda tsofaffin motoci yake sayarwa kafin ya koma jirage. Ta same shi ya miƙe ƙafa a kan kujera, sandunan dogarawa jingine da bango.

"Saje, masu saye duk haka suke," in ji shi. "Ranar farko soyayya, rana ta uku 'yan sanda."

"Akwai wani jirgi irin ƙirarsa a nan kusa?"

"Akwai wata gawar jirgi can sama a kogi, bayan rumfar Merv mai wurin gyaran. Petrel. Mai shi ya rasu shekara shida da suka wuce, 'ya'yansa suka ce a bai wa duk mai so. Shekara biyu ina tallarsa, ko kyauta ba a karɓa ba. Doronsa kunu ne."

"Za ka iya fito da shi daga kogin?"

"Ni? A kan gadar kwata ma amai nake ji. Ƙari kuma ina asibiti a Hobart tun ranar biyu ga wata ana yanka mini gwiwa, jiya aka sallamo ni. Kira su, har yanzu suna murnar tafiyata."

"In mai saye yana son sauya wa jirgi suna, yaya kake yi?"

"In sa a bugo leda, in ɓare tsohuwa, in manna sabuwa. Minti biyar."

Ta nuna masa hoton reshen. Ya juya wayar sama da ƙasa. "Tsuntsu ne ya fara gini?"

Asibitin ya tabbatar da maganarsa. Saje ta ja layi a kan sunansa.

Ingrid Halvorsen, mai duba lafiyar jirage, ba ta jira an kira ta ba. Labari ya riga ya kai mata, ta zo kwata da gudumarta. Ta ƙwanƙwasa doron sau biyar, ta saurari amon, ta leƙa cikin injin, sannan ta miƙe.

"Wannan ba shi na duba ba. In na sa hannu a kan wannan, a karɓe takardata a ba ni tsintsiya."

"Kina da abin da zai nuna haka?"

"Hoto ɗari da arba'in. Ranar da na ɗauka na aika wa Des su duka, sai dai ba ta iya buɗe su ba." Ta nuna ɗaya. "Dubi lambar injin. Yanzu je ki dubi ta ciki."

Lambobin sun bambanta. Saje ta lura cewa mai shirin musanya jirgi ba zai miƙa wa mai shi hujja ɗari da arba'in tun kafin ya fara ba. Ta kuma san cewa jirgi mai nauyi a ƙasa ba ya ƙetare yashin bakin kogin sai a babbar cikowar ruwa, kuma sai an jawo shi, Ingrid kuwa ba ta da abin ja.

"Wancan jan tabon fa? Tsatsa ce?"

Ingrid ta duba. "Ba tsatsa ba ce. Ni abin da ke nutsar da jirgi nake dubawa, Saje. Wannan ba ya nutsar da komai."

Daga kwata Saje ba ta tafi wurin gyaran ba. Ta shiga shagon giya da ke jikin otal ɗin garin, ta yi tambaya ɗaya. Mai shagon ba ta ma yi tunani ba. Ranar Laraba Merv Rattray ya sayi kwalba biyu ta jar giyar inabi, kuma abin ya tsaya mata a rai, domin Merv bai sa giya a baki ba tun shekara goma sha tara da ƙanensa ya nutse. Ta tambaye shi ko baƙi ya yi, ya ce a'a, ta aiki ce.

Washegari da hantsi Saje ta aika wa Merv cewa tana son ya zo ya duba mata doron. Ya zo cikin rigarsa ta aiki, dattijo mai shekara sittin da takwas, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana kamun ƙaguwa kafin ya buɗe wurin gyara. Desley na tsaye a kan gada, ta harɗe hannu. Merv ya hau jirgin da ƙafar dama, ya taka gindin jigon, ya girgiza kai.

"Tsohon jirgi ne, Rhonda. Ruwan sama na mako biyu kan tona abin da guduma ba ta ji ba. Des, yi haƙuri, zan gyara miki shi a hankali."

"Ruwan mako biyu ya sauya lambar inji?" in ji Desley.

"Lambobi ai ana kuskuren karantawa, ƙawata."

Saje ta zauna a kan rufin ɗakin jirgin, ta buɗe littafinta. "Merv, ina son in tambaye ka game da wani jirgi. Petrel."

Dattijon ya dubi ruwa. "Mu sauka kan gada mu yi magana."

"Nan ma ya yi. Darcy ya ce Petrel na bayan rumfarka shekara shida. Yaushe rabonka da ganin Petrel?"

"Mu sauka, na ce."

"Petrel ɗin dai har yanzu yana..."

"Rhonda, daina kiransa. Ba a kiransa a nan."

Saje ta ɗago daga littafinta. "Don me? Wannan ai Wattlebird ne. Me zai same shi don an ambaci wani jirgi da ke can cikin kogi?"

Merv ya cire hularsa, ya zauna a bakin jirgin.

Saje ta yi bayanin a natse, rabinsa don Desley. Kakan Saje masunci ne, ta san ka'idar tsofaffin gaɓar. A wurinsu teku ya san kowane jirgi da sunansa, kuma wanda ya sauya suna a ɓoye, teku zai ɗauke shi a matsayin mayaudari. Don haka sai a kankare tsohon sunan daga ko'ina, a zuba jar giya a goshin jirgi, a ɗaura ɗanyen reshe don ya riƙa komowa ƙasa lafiya, sannan har abada ba a ƙara furta tsohon sunan a kansa.

"Kankare rubutun bai gaya mini komai ba," in ji ta. "Kowane ɓarawo zai yi haka. Amma ɓarawo rage shaida yake yi, wannan kuwa ƙarawa ya yi. Ya gama fenti tsaf, sannan ya ɓata shi da giya. Darcy bai san ma'anar reshen ba, Ingrid ba ta damu da shi ba. Sai wanda ke tsoron teku fiye da 'yan sanda. Kwalba ɗaya ta wannan ce. Ta biyun ta nuna mini cewa akwai wani jirgin da shi ma aka raɗa wa sabon suna, ba a nutsar da shi ba, ba a farfasa shi ba. Ina yake, Merv?"

"Bayan rumfa, ƙarƙashin tamfol," in ji shi a hankali. "Wani mutum zai zo daga Melbourne ranar Asabar ya tafi da shi a babbar mota."

"Ranar Laraba da babbar cikowa ka jawo wannan?"

"Da rana tsaka. Kowa ya gan ni, ba wanda ya tambaya. Kullum ja nake yi."

Desley ta matso bakin gada. "Shekara tara ina kai jikokinka makaranta, Merv."

"Na ɗauka ba za ki fita ba, Des. Masu saye irinki goma, tara a kwata suke ƙarewa, su dafa shayi su kalli ruwa. Na ce wannan zai ishe ki shan shayi. Gawar nan ta tare mini wuri shekara shida."

"To giyar ta mece ce, in ka tabbata ba zan fita ba?"

Ya daɗe yana murza hular. "Ko da za ki fita ɗin."

"Jigon zai faɗo mini a ka a iskar farko."

"Na sani," in ji shi. "Shi ya sa na yi komai yadda ya kamata."

Saje ta karanta masa haƙƙinsa, ta rubuta lokaci: ƙarfe goma da minti arba'in.

Da azahar suka hau kogin a kwalekwalen 'yan sanda, Saje da Desley da Ingrid. Da aka yaye tamfol, jirgin na nan, da sabon suna a bayansa, Marguerite, da nasa jan tabon a goshi. Ingrid ta karanta lambar injin, ta yi daidai da ta hoto. Desley ta hau, ta je gindin jigo, ta yi tsalle sau biyu da duk nauyinta. Doron bai motsa ba.

Sai bayan kwana goma ruwa ya cika yadda za a fito da shi. A tsakani Merv ya amsa laifinsa a rubuce, aka ba da belinsa kafin ranar kotu. A ƙasan takardar, bayan sa hannunsa, ya ƙara layi uku waɗanda ya roƙi Saje ta isar wa Desley: kada ta manna tsohon sunan haka kawai, teku ya riga ya san jirgin da Marguerite, sai an kankare, an zuba, an ɗaura reshe, kuma shi zai yi mata ba tare da ta biya komai ba.

Saje ta kai saƙon kwata, inda Desley ke durƙushe a bayan jirgin tana ɓare haruffan Marguerite da wuƙar cin abinci. Ta saurara har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Ki gaya masa ya tsaya nesa da jirgina."

"Zan gaya masa."

Saje ta juya za ta tafi. Ta yi taku uku sai Desley ta kira ta.

"Rhonda. Kakan naki, kwalbar duka yake zubawa, ko rabi ya isa?"

"Duka."

Desley ta goge wuƙar a wandonta, ta ɗauki jakarta, ta nufi shagon otal.