Tsagar da Nafi'u Ya Goge

Ku matso, ku kashe wayoyin nan. Kai Mudi, in tsoro kake ji, tafi wajen Inna tun yanzu.

Nafi'u ɗalibin zane ne. Hannu akwai baiwa, sai dai girman kai ya yi masa yawa. Malaminsu ya kai su gidan adana kayan tarihi, aka fito musu da tsofaffin hotunan abubuwan da aka tono a gindin ganuwa. Aka sa gasa: kowa ya zaɓi ɗaya, ya zana mai shi, ya ƙirƙira masa labari.

Nafi'u ya zaɓi kan wata mace na yumɓu, mai dogayen tsaga daga kumatu har haɓa. Ya taɓe baki, wai ƙauyanci ne. Ya zana ta sumul, ba tsaga ko ɗaya. Ya ci gasa, aka buga zanen, aka manna shi ko'ina a gari.

Ran nan ya bi gindin ganuwar shi kaɗai, rana tsaka. Tsit. Ko kukan tsuntsu babu. Sai ga wata mace zaune a bakin tsohon ramin da aka tono kayan, ta ba shi baya.

"Sannu, Iya."

"Kai ne mai zanen?"

Muryar daga ƙarƙashin ƙafarsa ta fito. Ta juyo. Fuskar da ya zana ce, sumul. Kuma ba ta da inuwa.

"Da tsagar nan ake gane ni a gidanmu," in ji ta. "Na koma, uwata ta ce ba ta san ni ba. Tun ranar a waje nake."

Da ma faɗa ta yi masa, da ya fi sauƙi. Kuka kawai take yi. Kunya da nadama suka rufe shi.

"Ki yafe mini. Zan gyara."

"Duk garin?"

Ta shafi kumatunsa da hannu mai sanyi kamar gindin randa. "Riƙe mini ajiya har ka gama."

Ya sheƙa gida a guje, ya faɗa tsakar gida ko sallama babu. Mahaifiyarsa ta ɗago daga wanke-wanke, ta dubi dogayen tsagar da ke fuskarsa, ta gyara mayafi.

"Bawan Allah, wa kake nema?"

Har yau yana bin bango da fensir, yana mayar da tsagar a zanen da aka manna. Amma wasu takardun an ƙunshe ƙosai da su, wasu ruwa ya tafi da su.

Don haka kada wanda ya bi gindin ganuwar nan shi kaɗai. Tana nan zaune, ba a buɗe mata ƙofa ba tukuna.