Masu Haya a Kwamfutar Baba

Magariba ce irin ta kullum. Mama tana kicin, Yaya tana kwashe shanya, Auta na bakin ƙofa da littafinta, Baba kuwa yana ɗakin baya wurin gawarwakinsa. Haka Auta take kiransu: tsofaffin kwamfutoci biyu da suka girme ta, ɗaya fara, ɗaya ruwan toka. Tun da ya yi ritaya aikinsa ke nan, tayar da matattun kwamfutoci. Waɗanda ya tayar suna nan a jere, ba abin da suka iya sai ƙara da zafi. Yanzu wai zai zaɓi ta gaba, zaɓen kuma ya gagara. Yau ya kwance farar, ya hure ƙura, ya ce a'a, ya ɗaure. Gobe ya kwance ɗayar, ya leƙa, ya yi tsaki. Wata da watanni abu ɗaya.

Sai ƙwas! a kan kwanon rufin gidan. Sai wani. Auta ta miƙe da zagi a bakinta, ta ɗauka yaran maƙwabta ne. Abin da ya gangaro gabanta ba dutse ba ne. Noti ne ɗan ƙarami, da ɗuminsa.



Daga ranar, da rana ta faɗi jifa zai fara. Can ɗakin baya kuma a riƙa jin jan kaya, da kukan jariri siriri kamar daga cikin gwangwani.

"Fanka ce," in ji Baba.

"Fanka ce ke kuka inya-inya?" in ji Mama.

Ana haka, wata magariba Yaya ta shiga kai wa Baba shayi. Sai ƙarar kofi. Suka same ta a ƙasa, idanu a kafe, tana huci da wata murya ta tsohuwa.

Mama ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta aika a kira malamin ruƙiyya. Ya zo, dattijo mara yawan magana, ya zauna gefen tabarma ya fara karatu a hankali. Duhu na shigowa, Yaya na miƙa, har muryar ta fashe.

"Ya isa, malam! Ni aka zalunta."

"Wace ce ke?"

"Tsohuwa ce, da jikokina. Muna cikin farin akwatin nan tun yana sito, lafiya lau. Mutumin nan ya buɗe ya hura mana iska. Muka tattara muka koma ɗayan. Ba mu gama shimfiɗa ba ya biyo mu da sukurudireba. Muka dawo, ya dawo. Na zauna a kango, na zauna a juji, ban taɓa ganin mutum mara tsayayyar magana irin wannan ba."

Auta ta harari Baba. Ya sunkuyar da kai.

"Me kike so ki fita?" in ji malam.

"Ya zaɓa. Ɗaya tasa, ɗaya tamu, a kai mana bayan gari. In ba haka ba, jikin yarinyar nan ya fi akwati faɗi, kuma ba mai kwance shi."

Malam ya juyo. "Maigida, ka ji. Wacce?"

Baba ya dubi farar. Ya dubi ɗayar. Yaya na kwance tana karkarwa, haƙora na haɗuwa, shi kuwa sai ya shafa gemu.

"To, ita farar ta fi tsufa, samun irinta da wuya. Amma ɗayar, in aka samu wayar da…"

"Kun gani ko?" in ji tsohuwar. "Kun gani da idonku?"

"Baban yara," Mama ta ce, "'yarka ce fa a ƙasa."

"Na sani, ai tunani nake…"

Auta ba ta jira ƙarshen tunanin ba. Ta tsallake ƙafar malam, ta rungumi farar kwamfutar, nauyi kamar buhun siminti, ta ja ta har bakin ƙofar gida ta dire.

"Ga taku nan, Kaka. Ku shiga, gobe a kai ku bayan gari."

"Madalla," in ji muryar. "Ashe akwai mutum a gidan."

Yaya ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce, "Mama, ruwa." Mama ta rungume ta tana kuka, malam na shafa addu'a.

Baba ya matso kusa da malam, ya rage murya.

"Allah gafarta, ko za a tambaye ta, in ba damuwa, a musanya da ɗayar?"

Malam ya dube shi. Ya sa takalminsa ya fita.