Farin Furen Da Ke Tsakiya

Wata bakwai ke nan Amarya tana jinyar surukarta, tun da ƙafafun Inna suka daina ɗaukarta. Ɗagawa, kwantarwa, wankin zannuwa, har ta manta rabonta da madubi. Mijinta mai zane ne, ga shi miskili; wuni yake a ɗakin aikinsa da burushi da fentin ruwa.

Ran nan da hantsi yayarta ta zo, ta tarar da sabon zane jingine a falo: jajayen furanni sun sunkuyar da kai, launinsu ya narke cikin shuɗi kamar abin da aka gani a mafarki.

"Wannan fa?"

"Nawa ne, Yaya. Wai ni ya zana."

"Ke? Tabɗi! Fure ya yi yaushi, kala na zuba kamar hawaye — ai ya gama faɗa miki kin tsofe! Ki bauta wa uwarsa, ya saka miki da wannan? Ɗauko akwatinki!"

Gajiya ta hana Amarya musu. Tana share ido, ta jawo akwatin.

"'Yata," in ji Inna daga ɗaki, "kawo min takardar zanen nan."

Ta kai mata. Tsohuwar ta kama yatsanta, ta ɗora a kan wani farin fure da ke tsaye a tsakiya.

"Me kika ji?"

"Takarda ce zalla, Inna. Babu fenti."

"Yawwa. Tun yana yaro mijinki ya ce min a fentin ruwa ba a shafa fari, kewaye shi ake yi. Ɗigo ɗaya ya taɓa shi, ya ɓaci. Jajayen nan mu ne, ni da shi, mun jingina a kanki. Sati guda yana kewaye ki."

Sai ga maigidan a bakin ƙofa, ya turo keken marasa lafiya. Ya ga akwati, ya yi turus.

"Sori... bakina ne bai iya ba. Daga yau ɗaga Inna aikina ne."

"Kai kuma, a riƙa magana!" in ji Inna. "Mace ba bango ba ce da za a rataya mata zane!"

Yaya ta gyara mayafi. "To, ni dai yaushi na gani."

Amarya ta mayar da akwati, ta yi barcin rana na farko cikin wata bakwai.

Haƙuri ba ya faɗuwa ƙasa banza. Kuma kafin ki yarda da fassarar na waje, 'yata, taɓa da yatsanki.